Gunkin da Darcy Ya Babbake

Yayana Darcy ba ya riƙe burushi. Da tafin hannu yake shafa fenti, wani lokaci har da kwalta, kuma duk fuskar da ya zana sai ka ce da mari aka tashe ta daga barci. Mutanen birnin Melbourne rububin zane-zanensa suke yi. Ni kam ba zan rataya ko ɗaya a inda nake cin abinci ba.

Sassaƙarsa ta fi tsoratarwa. Da injin zarto yake farke kututturen itacen turare, in siffar mutum ta fito sai ya bi ta da wutar gas har ta yi baƙi ƙirin ta tsattsage. A wurinsa, aikin da bai sha wuta ba bai ƙare ba.

Ranar da aka hana kunna wuta a duk yankinmu na Gippsland saboda tsoron gobarar daji, na kai masa burodi. Ciyawa ta bushe ƙayau tun daga rumfar aikinsa har shingen gidana, inda 'ya'yana biyu suke. Na tarar da wani ƙaton gunki mai buɗaɗɗen baki, baƙi wuluk, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

"Yaya, yau ka ƙona wannan? Ba ka ji rediyo ba?"

"Gobe masu baje koli za su ɗauke shi, Noelene. In ba su shi fari fat kamar ferarren dankali?"

"In garin nan ya kama, sai ka zana tokarmu."

"Ke dai matsoraciya ce tun kina rarrafe. Na sheƙa masa ruwa. Taɓa ki ji."

Na taɓa, da sanyi. Duk da haka hankalina bai kwanta ba.

Motar masu baje kolin ba ta zo ba, an rufe hanya. Washegari da azahar na sake leƙawa, na tarar Darcy ya shiga gari. Rumfar shiru, sai iskar arewa na kaɗa kwanon rufi. Na ɗora hannu a ƙirjin gunkin, na janye da sauri. Ashe gara ta cinye cikin kututturen tuntuni, wutar ta bi tsaga ta shige, ta kwana tana ci. Hayaƙi siriri na fita ta bakinsa.

Kafin in kai ga famfo gindinsa ya rufta. Garwashi ya gangara ta ƙofa ya faɗa cikin ciyawa.

Na ɗaga kai na duba inda iska ta nufa. Yaran suna wasa a bakin shinge, ƙaramar tana ɗaga mini hannu.