Gitar Isaka a Maƙerar Baba Takawa

Ƙanena Isaka ya yi wa duk garinmu Deule alkawarin zai kaɗa gitar a bikin autarmu Karima. Shekara uku yana Madawa yana koyo, mu kuwa ba mu taɓa jin ko ƙwal ba, sai cika baki. Mutane har sun fara cewa ƙarya ce.

Ana jibi biki ya iso da gitar a bayan moto, wato babur. Ƙarafan nan da ke jere a wuyanta duk sun cinye, in ya danna waya sai ta yi kukan tsohuwar ƙofa. Ya kai ta wurin Baba Takawa maƙeri, ya ce a sa sababbi, ya tafi aski abinsa.

Baba Takawa kuwa manomi ne tun kafin ya zama maƙeri. Ya dubi wuyan gitar, ya ga tazarar ƙarafan da faɗi a sama, tana ƙara matsewa a ƙasa, abin ya ɓata masa rai. Ya yanko wayoyin ƙafar keke, ya auna da yatsa biyu, ya jera su daidai wa daida, irin yadda yake jera ramukan shukar gero.

Da safen biki Isaka ya karɓa ya kaɗa. Wallahi akuyar maƙwabta ta amsa! Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

"Baba, mi kay yi min haka?" in ji Isaka, ido ya kawo ruwa.

"Gyara ta ni yi, ɗana. Wanda yaƙ ƙera ta bai iya awo ba. Wa ka shibka hakanga?"

"Ba gona ta ba, Baba! Da gangan anka matse su!"

Tsoho ya ji haushi. Ya ɗauki awartaki ya cire ƙarafan kaf, ya cike ramukan da ƙaro da garin itace, ya goge wuyan sumul, ya miƙa masa. "To, je ka matse su da kanka."

A nan dariyata ta tsaya, don tausayinsa ya kama ni. La'asar ta yi, jama'a sun cika ƙofar gida, babu wurin gudu. Isaka ya zauna yana zufa, ya fara lalube da kunne. Yatsansa na zamewa a kan itace, sautin na lanƙwasa yana jan ƙafa. 'Yan mata suka fara ƙyalƙyala.

Sai ga kakarmu Lalla, wadda ta shekara biyar ba ta fita ko suna, ta yar da sanda ta kutso cikin fili.

"Ku yi kurum!" ta ce. "Wanga molon kakanku na! Haka nan yaka kuka."

Ta ɗaga hannu ta hau rawa, tana dariya hawaye na zuba. Mata suka rangaɗa guɗa, fili ya rikice, ni ma na tsinci kaina a tsakiya babu takalmi ɗaya. Isaka bai taɓa ganin kakan nan ba, ya rasu kafin a haife shi.

Baba Takawa na gefe yana gaya wa kowa aikinsa ne.