Baiti Huɗu

"Huɗu kaɗai?" in ji Takama. "Tsohon da ba ya kai bakin randa sai ya huta sau biyu, shi za ka yi ma baiti huɗu?"

Isma'il yana tsugune gaban wani moto mai ƙafa biyu da aka kawo masa gyara, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Bai ɗaga kai ba.

"Su na samu, Yaya Takama. Na tambayi dattawa, na tambayi zumuntar mata. In kin san na biyar faɗa mini in rubuta."

"Ni ce shugabar koral? Kai aka ba aiki."

"To ki bar ni in yi shi."

"Ina barin ka. Amma ka ji abin da Baba ya ce. Da ƙafarshi zai tahi, kuma da waƙa."

Ta gyara tulun da ke kanta ta wuce. Wani kamyo ɗauke da siminti ya bi ta titi, rumfar kwano ta yi rawa. Isma'il ya ci gaba da kwance ƙusa, ƙusar ta ƙi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Abarshi, mahaifin Takama. Majami'arsu ma ɗaya ce, ƙaramar nan ta bayan tashar Malbaza, mai benci tara a kowane gefe. Lahadin farko na kowane wata ake cin Jibin Ubangiji. Ba a kai wa mutum inda yake zaune. Benci benci ake tashi, a taka zuwa tebur, a karɓi gurasa, a sha daga ƙoƙo, a koma. Muddin akwai mai tafiya, waƙa ba ta tsayawa. Sai kowa ya zauna mai ba da waƙa yake rufe baki, ya je ya karɓi nasa, ɗakin shiru.

Shekara talatin da takwas Abarshi ne mai ba da waƙar. Koral, ƙungiyar mawaƙa ta matasa, tana da sauran sujada duka, amma wannan wurin nasa ne. Wata biyar da suka wuce ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Aka miƙa wa Isma'il zaɓen waƙar jibi, fasto kuma ya riƙa kai wa tsohon nasa rabo har gida. Makon jiya aka sallamo shi daga asibiti, aka ce ya je gida ya huta. Ba wanda ya tambayi ma'anar haka.

Yanzu ya ce yana so sau ɗaya ya taka zuwa teburin nan ana waƙa. Bai taɓa yi ba.

Isma'il bai ƙi ba. Sai dai wannan Lahadin ne babban fasto zai zo daga Ƙonni, kuma koral ta yi mako uku tana koyon sabuwar waƙa mai tafiya da piyano. Ya yanke a ransa: sabuwar ta ɗauki jama'a, tsohuwar ta Abarshi ta ɗauki Abarshi. Ya ga ya yi adalci.

Ran Asabar da la'asar ya wanke hannu da omo ya shiga gidan da littafinsa. Tsohon yana jingine da bango a gindin darbejiya, an tallafe masa baya da matasai biyu. Ƙafafunsa suna kan buhu, suna sheƙi.

"Sama'ila. Ka zo ka ga ko na mutu?"

"Na zo karɓar baiti, Baba."

"Wane baiti?"

"Na waƙar jibi. Huɗu gare ni. An ce wani lokaci kana kai goma sha."

Abarshi ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Takama ta leƙo daga madafa ta koma.

"Karanta mini naka."

Isma'il ya karanta. Ga gurasa, ga ƙoƙo, wanda ya gaji ya zo. Sannan amshin: taho sannu, ana jiran ka. Ya karanta sauran ukun.

"Su ke nan," in ji tsohon. "Babu na biyar."

"To goma shan fa?"

"Wanga ba a littafi yake ba. Kana duban wa ya rage a hanya, ka yi mashi nashi. In mai ɗingishi ce ka ce mata tebur ba ya gudu. In wanda ya yi faɗa da ƙanenshi ne ka ce ƙoƙo ɗaya za ku sha, ko ka so ko ka ƙi. Da an zauna na manta shi."

"Ni ban iya wannan ba."

"Ni ma ban iya ba. Kunya ta koya mini. Wata tsohuwa daga Badagishiri na taɓa bari a tsakiyar ɗaki ba waƙa, tun kafin a haife ka. Takalminta ɗaya yana ƙara." Ya huta. "In ka rasa, maimaita. Ba wanda zai kama ka."

"Ko a zaunar da kai a bencin gaba, Baba? Taku uku ka kai."

"Bencina na baya ne. Can nake zama."

"Ai don sauƙi."

"Sauƙi na gida. Fasto yana kawo mini shi a leda."

Tun dare bai yi ba Isma'il ya je majami'a shi kaɗai. Ya taka daga bencin baya zuwa tebur a hankali, yadda yake zaton tsoho zai taka, yana rera waƙar a ciki. Baiti uku suka kai shi. Ya ce bari a yi huɗun sau biyu, ya zama takwas, har da rara. Ya gaya wa Habibu mai piyano: bayan zagaye na biyu zan ɗaga hannu, ka rufe.

Lahadi ta zo da zafi. Dogo, maƙwabcinsu na ɗaya gefen, mai sayar da albasa, shi ya kawo Abarshi a amalanken jakinsa. Shi da Takama suka shigar da tsohon, suka zaunar da shi. Dogo ya fita ya zauna a inuwar katanga yana jan carbi, jakin yana kaɗa kunne.

Babban faston ya yi wa'azi mai tsawo. Aka yaye farin ƙyallen da ke kan tebur. Gurasa a faranti, ruwan zoɓo a ƙoƙo. Habibu ya taɓa piyano, koral ta ɗauka. Sabuwar waƙar ta fita da kyau, har baƙon yana gyaɗa kai. Jama'a suka bi layi da sauri, don waƙar mai sauri ce. Isma'il ya ji daɗi, ya san ya ji daɗi.

Da bencin ƙarshe ya koma, ya sauke murya ya shiga tsohuwar.

Ga gurasa, ga ƙoƙo.

Tsofaffin mata suka amsa tun kafin koral. Ta gefen ido ya ga Abarshi ya miƙe, sanda a dama, Takama a hagu. Ya ga tsohon ya ture hannunta. Daga nan Isma'il ya mai da ido kan littafi, don baiti na uku yana da wata kalma da yake yawan juyawa, kuma ba ya so ya juya ta gaban baƙo.

Ya yi huɗun. Ya koma farko ya sake yin su, a natse, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ɗaga hannu. Habibu ya danna sautin rufewa, jama'a suka ja amin mai tsawo suka sake shi.

Sai ya ɗaga kai.

Abarshi yana tsaye daidai benci na huɗu daga gaba, ya dafa kafaɗar wani mutum, bakinsa a buɗe yana neman iska. Bai kai ba. Da saura.

Isma'il ya san abin yi. Ga littafin a hannunsa, layin farko yana kallon sa. Amma an riga an ce amin. Habibu ya ɗauke hannu daga piyano ya ɗora a cinya. Babban faston yana riƙe da farantin, yana duban sa da fuskar mai jira. Isma'il ya ce a ransa bari tsohon ya ɗaga ƙafa sai in shiga tare da shi. Tsohon ya ɗaga ƙafa. Ya ce bari ya kai benci na uku. Ya nemi wata magana da zai rera masa, tasa ta kansa, ya tarar babu komai a kansa sai lissafin takun da ya yi jiya. Kowane taku da ya wuce, shigar tana ƙara nauyi.

Sanda ta buga siminti. Silifa ya ja. Sanda ta sake bugawa. Wani jariri ya yi ƙorafi aka toshe masa baki da nono. A waje jakin Dogo ya yi atishawa.

Wata tsohuwa ta fara amshin can ƙasa-ƙasa, taho sannu, ta ji ba wanda ya bi ta, ta bari.

Abarshi ya kai. Ya karɓi gurasa, ya daɗe yana taunawa. Ya sha, ya goge baki da bayan hannu. Maza biyu suka ɗauke shi suka mai da shi baya, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba. Sannan Isma'il ya je ya karɓi nasa.

Bayan an tashi babban faston ya riƙe hannunsa ya ce koral ɗinsu ta fi ta wasu manyan garuruwa. Isma'il ya ce an gode. Takama ta wuce ta gabansa da sandar ubanta a hammata, ba ta dube shi ba.

Litinin bai shiga gidan ba. Yana jin tarin ta kan katanga. Talata da hantsi ya rufe rumfa ya shiga. An mai da tsohon ɗaki, an buɗe taga.

"Baba, na rufe da wuri."

"Na ji."

"Ban duba ba."

"Muryarka na da kyau," in ji Abarshi. Yana magana yana tsayawa. "Takwas ɗin nan, na ji su duka. Ban taɓa jin ta daga baya ba. Ashe haka take."

"Wata mai zuwa zan yi ta har ka zauna."

Tsohon ya dube shi, ya dubi ƙafafunsa.

"To," ya ce. Can kuma ya ce, "Zoɓon ya yi sukari da yawa. Ka gaya ma matar fasto."

Takama tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faifai. Da Isma'il zai fita ta janye ƙafarta ta ba shi hanya, shi ke nan.

Ran Alhamis da safe, ana tsakar sayen koko a bakin titi, ya ji muryar Takama ta tashi sau ɗaya ta faɗi. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Mai moton ya ce lafiya? Ya ce ka dawo gobe.

Kafin azahar gidan ya cika. 'Yan majami'a a ciki, maƙwabta Musulmi a kan tabarmi a ƙofar gida, ana miƙa ruwa a moɗa. Kafinta ya kawo akwati, fentin bai gama bushewa ba. Saboda zafi aka ce ba za a kwana ba. Maƙabartar Kirista tana can bayan gari, an wuce inda manyan motoci ke jiran lodi, an bi ta gonakin gero. An so a sa akwatin a mota, Takama ta ce a'a, a kafaɗa.

Mutum shida suka ɗauka. Dogo ya karɓi kusurwar gaba, ya naɗe rawaninsa ya yi gammo a kafaɗa. Fasto ya yi gajeriyar addu'a a tsakar gida, ya juyo.

"Isma'il, ba mu waƙa."

Bai zo da littafi ba. Ya tsaya a gefen akwatin, inda yake ganin ƙafafun masu ɗauka. Ya buɗe baki ya fara.

Ga gurasa, ga ƙoƙo, wanda ya gaji ya zo.

Matan suka amsa daga baya. Aka sunkuyar da akwatin aka fitar da shi ta zaure. A waje rana ta daki murfin, fentin yana wari. Masu shaguna suka miƙe tsaye. Titin ya miƙe fari har inda ido ya tsaya, ba inuwa ko ɗaya.

Sun kai baiti na uku ke nan, ba su ko wuce rumfar gyaran moto ba, Dogo ya gyara kafaɗa ya karkato da kai.

"Malam Sama'ila," ya ce a hankali, "wurin naku da nisa fa. Wagga waƙa tana kai mu?"