Ɗanɗanon Rijiyar Dogara

Iya Hajo ta kurɓi ruwan, ta riƙe shi a baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya, sannan ta haɗiye. Ta sake kurɓa. Daga waje ana ta tafi da guɗa, domin babban baƙon da ya zo daga Kaduna bai daɗe da murɗa kan famfon sabuwar rijiyar burtsatsen Ƙofar Kibo ba.

"Malam Duba-gari," ta ce. Haka take kiran Jumare, tunda ɗanta na fari ne, bakinta ba ya kama sunansa. "Wannan ai ruwan rijiyarmu ne."

Jumare ya yi dariya. Shi da kansa ya taro mata a kwanon sha, yana sanye da kakinsa na jami'in tsafta da ya sha guga.

"Haba Iya! Daga can ƙarƙashin dutse inji ya jawo shi. Baƙon ma ya shanye kofi guda a gaban jama'a, ya ce ko a Ingila sai haka."

"Ni ban san Ingila ba. Amma shekara hamsin ina shan ruwan gidan nan. Akwai ɗan garɗin yumɓu da yake bari a bayan harshe. Shi ne wannan."

"To ai ƙasar ɗaya ce, Iya."

Ta miƙa masa kwanon.

Rijiyar da take nufi tana nan ƙofar gidansu. Dogara, kakan Jumare, shi ya haƙa ta, kuma ko a tsakiyar bazara ba a taɓa jin guga ya kankari ƙasa a cikinta ba. Rabin unguwar da ita suke sha, su yi alwala, su wanke mamatansu. Sai a shekarar 1988, bayan amai da gudawa ya yi ɓarna a cikin birni, takarda ta fito daga ofis cewa duk unguwar da ta samu burtsatse a cike buɗaɗɗun rijiyoyinta.

Jumare mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar nan da ba ta waiwaye. Shekara ashirin yana leƙa randunan mutane da salgarsu, bai taɓa karɓar ko goro ba. Ya san in ya taɓa rijiyar wani kafin tasu za a ce ya yi son kai, don haka ya fara da gida. Kashegarin bikin buɗe famfo, tifa uku ta jar ƙasa da ɓaraguzai ta juye a bakin rijiyar Dogara. Iya Hajo ba ta fito ba. Aike ɗaya ta yi, a kawo mata guganta da igiya. Jumare ya tsaya har aka daddaɓe wurin, sannan ya rubuta rahoto da kyakkyawan rubutunsa ya kai ofis.

A rana ta huɗu famfon ya yi tari sau biyu, ya tofar da iska, ya yi shiru.

Aka ce ɗauke wuta aka yi. Wuta ta dawo, ruwa bai dawo ba. Bokitai da garewani suka yi layi har bakin masallaci, rana tana dukansu. Jumare ya nemi ɗan kwangilar da ya yi aikin, aka ce ya tafi Legas. A rana ta shida ya kira mai unguwa ya zama shaida, ya sa guduma ya fasa kwaɗon ɗan ɗakin injin da ke ƙarƙashin tankin ruwan.

Babu inji. Buhunan siminti ne wofi da wani tsohon takalmi. Bututu ɗaya ya sauko daga tanki ya nutse a ƙasa. Jumare ya durƙusa ya girgiza shi, sai ga shi ya tumɓuko a hannunsa. Abin da ke binne bai kai kamu biyu ba, an toshe bakinsa da tsumma.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," mai unguwa yake ta maimaitawa.

Jumare ya kasa tashi. Ya zura hannu cikin ramin, yatsunsa suka taɓo busasshiyar ƙasa. Ya sake zurawa, kamar dai hannun ne ya yi kuskure. Kwana uku motar haƙa ta yi a nan bayan shingen langa-langa tana ruri har ba a jin kiran salla. Ashe rurin kawai aka saya musu.

"To ruwan da muka sha fa?" ya tambaya, ba tare da ya san wa yake tambaya ba. "Daga ina?"

Sabo mai ga-ruwa, dattijon da kafaɗarsa ta yi kanta saboda sandar ɗaukar garwa, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ai na zaci ka sani. Mu muka cika tankin. Mu goma sha biyu, kwana biyu muna hawa tsani. Cewa aka yi na gwaji ne."

"Daga ina kuka ɗebo?"

"Ina kuwa muke ɗiba? Rijiyar gidanku mana."

Jumare ya dubi Sabo kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Kana kallo na cike ta, Sabo! Kana tsaye a wurin!"

"Wallahi na buɗe baki zan yi magana, sai na ga kaki. Na ce wane ni in gaya wa hukuma abin da ta riga ta sani."

Ko keke bai tsaya ɗauka ba, a ƙafa ya isa ofis da guntun bututun a hannu. Ya ɗora shi a kan teburin shugabansa, Alhaji Bahago. Alhaji ya dubi bututun, ya ɗan ture shi gefe da bayan biro don kada ya ɓata masa takardu, ya jawo fayil.

"An kammala, an gwada, an miƙa wa jama'a," ya karanta a hankali. "Ga hoton baƙo yana sha. Ga kuma rahotonka, Malam Jumare, cewa an rufe tsohuwar rijiya saboda sabuwa ta wadatar. Sa hannunka ne wannan ko ba shi ba?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma babu rami! Ko rami babu!"

"Rage murya. Kana so in rubuta wa Kaduna cewa ruwan da babban mutum ya sha ya yaba, na rijiyar da muka haramta ne? Kai ka rubuta in kana iyawa."

"To a turo mana tankar ruwa kafin a gyara."

"Tanka ta unguwannin da ba su da ruwa ce. Ku kuna da shi." Ya ɗora tafin hannunsa a kan fayil ɗin. "Kuma ka sani, duk wanda ya tone rijiyar da aka rufe, aikinka ne ka kai masa sammaci."

Bayan la'asar Jumare ya iso ƙofar gida. Mutanen da ke zaune a dakali suka amsa sallamarsa a ciki-ciki, babu wanda ya dube shi. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya a kan jar ƙasar da ya sa aka daddaɓe, kunya da baƙin ciki suka cika masa ƙirji. Ya shiga zaure ya ɗauko diga.

Sara na farko ko tafin hannu bai shiga ba. Ya sake ɗagawa. Yana cikin haka ya ji motsi a bayansa. Iya Hajo ce a bakin zaure, lulluɓe da mayafi, da guga da igiya a hannu. Ta rataye su a ƙusar da suka saba zama.

"Gaba goma sha biyu ce," ta ce. "Kakanka wata biyu ya yi."

"Iya, kin faɗa mini. Ban ji ba."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi, gumi ya riga ya jiƙa bayan rigar.

"Shiga ka tuɓe kakin nan tukuna," ta ce, "kada Duba-gari ya gan ka."