Matakalar da Na Wanke

Ranar da ƙafata ta burma a hawa na bakwai, ina ɗauke da bokitin wankin Baba, na san matakalar benenmu ta gama yayi. Wata biyar ke nan Baba yana kwance a sama, ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce a kawo shi asibiti. To wa zai sauko da mutum ta katakon da ya kasa ɗaukar mace da bokiti?

Kafinta biyu na sallama. Na farko ya ce zai rufe ramin ya shafa fenti. Na biyu ya tambaya ina maigidan, na ce ga ta a gabanka.

Na uku tsoho ne, ana ce masa Mai Kunne. Bai ko kalli ramin ba. Ya bi hawa ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, yana saurare.

"Wa ke wanke ta?"

"Ni. Safe da yamma, da ruwan magani. Akwai mara lafiya a gidan."

"A makaranta aka koya miki?"

"A makaranta."

"To sannu da ƙoƙari, 'yar boko. Ba gara ba ce. Ruwanki ne ya ruɓar da ita."

Na ce, "Na ji, Malam. Kwana nawa?"

Kwana shida, kuma sai an cire ta gaba ɗaya. Ya kafa mini tsani. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta leƙo ta ce, "Digirin naki ne zai hau wannan?" Na ɗaure zani, na hau. Sau tara a yini, in hau da abinci, in sauko da fo, hannu ɗaya a tsani. Tafukana suka tsage. Ban bari kowa ya gani ba.

Rana ta huɗu na tarar da shi ya kwantar da dogon katako a kwanar matakala, yana juya shi a hankali. Tsawon mutum ne a kwance.

"Me kake aunawa?"

Ya ɗaga kai ya dubi ɗakin Baba.

"Da ƙafarsa zai sauko, Malam."

"Allah Ya sa, 'yata," in ji shi. Ya ci gaba da awonsa, ya ƙara wa kwanar faɗi.

Rana ta bakwai maza huɗu suka sauko da Baba a kan katifarsa, ni ina riƙe da kansa. Idonsa biyu, yana kallon rufi. Kwanar ta wuce da su, ko gwiwar hannunsa ba ta gogi bango ba. Katakon bai yi ƙara ba.

Baba bai sake hawa ta ba. Kwanansa goma sha ɗaya a asibiti ya cika.

Har yanzu ina goge ta safe da yamma. Da busasshen tsumma.