Gidajen Ƙetaren Rafi

Shekara talatin da ɗaya ungozomar garin ta yi tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin da ke jikin makarantar firamare. Kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Asibitin ɗaki biyu ne da gado huɗu, sai sikelin jarirai da ba ya motsi sai an ɗan buge shi.

Garin ba wani babba ba ne. Titi ɗaya ya ratsa shi daga injin niƙa zuwa tasha, dutse ya tare shi ta gabas, rafi ya zagaye shi ta kudu. A wannan shekarar ce takarda ta zo cewa duk garin da mutanensa ba su kai dubu ba, za a rufe asibitinsa a haɗe shi da na birni, tafiyar awa biyu a mota in hanya ta yi kyau. Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Inna daɗi.

Mai ƙidayar da aka turo don ƙirga mutanen garin matashiya ce siririya mai tabarau. Kwana uku tana bin gida-gida. Ran na huɗu ta shigo asibitin neman ruwan sha, ta zauna a benci ta tuɓe takalmi, dugaduganta duk sun yi bororo. Inna ta tambaye ta nawa aka samu. Ta ce ɗari tara da arba'in da shida, kuma ta gama, direba ma yana jiranta.

Inna ta roƙi ta nuna mata taswirar da take aiki da ita. Ta bi layin rafin da yatsa, ta ga ƙetarensa fari fat, ko ɗigo babu.

"'Yata, ina mutanen kan tudu?"

Matashiyar ta ce a takardarta gonaki ne kawai a wajen. Inna ta ba ta labarin ambaliyar da ta cinye unguwar gangare shekara goma sha biyu baya, da yadda mutanen suka haye rafi suka sake gini a kan tudu. Taswirar ta girmi gidajen. Mai ƙidayar ta dubi agogo, ta dubi ƙafafunta. Can ta miƙe ta je ta ce wa direba ya nemi inuwa.

Da suka shiga rafin, ruwan ya kai musu gwiwa. Inna ce a gaba, matashiyar na biye da jaka a bisa kai. A kan tudu suka fara da gidan maƙeri, wanda ya rikice wajen faɗar shekarun 'ya'yansa, sai Inna ce ta riƙa gyara masa, tunda duk a hannunta suka faɗo. Wani tsoho kuma ya dage sai an rubuta awakinsa, wai sun fi jikokinsa jin magana. Matashiyar ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido.

Gida goma sha ɗaya suka shiga, mutum saba'in da uku. Ta haɗa lissafi a tsaye, ta juyo da takardar wajen Inna: dubu ɗaya da goma sha tara. Sannan ta ɗauki fensir ta zana gidajen ɗaya bayan ɗaya a farin wajen nan na taswira.

"Inna, ai da na tafi da kuskure," in ji ta.

"Da wata ce, da tuni tana mota. Allah Ya yi miki albarka."

Bayan wata biyu amsa ta zo: asibiti yana nan, har da ƙarin ma'aikaciya ɗaya. Inna ta tafi ofishin hedimasta ta ce ya rubuta mata wasiƙar godiya zuwa ga matashiyar. Tana faɗa yana rubutawa, har ya ce mata takarda ta cika. Ta ce ya ɗauko wata, ba ta ma kai rabi ba.