Harafin da Ya Karkace

Da aka fara gyaran rukunin kantunan nan na bakin titi, kowa gilasai da matakalar lantarki yake kallo, baki buɗe. Ban da tsohon da ake kira Mai Buroshi, marubucin allunan kantuna. Shi bangon gaba ya zuba wa ido, domin washegari za a lulluɓe shi da tayil.

"'Yata," ya ce da injiniyar aikin, "ba ni yini ɗaya in kankare bangon nan."

"Baba, zinariya ka binne a ciki?"

"Abin kunyata na binne."

Ta yi dariya, ta sa aka kafa masa tsani.

Masu wannan sana'a ba sa kankare aikin wani, sai dai su shafe shi da sabon fenti su rubuta nasu a kai. Don haka yana sa wuƙa, gini ya fara amayar da tarihinsa. Ƙarƙashin sunan kantin waya ga na kantin kaset, ƙarƙashinsa ɗakin magani, sai ga gidan silima har da rabin fuskar wata mata tana murmushi. Leburori suka yar da shebur suka taru, har da masu cewa a nan iyayensu suka fara ganin juna. Ikon Allah, bango guda, zamani huɗu!

Shi kuwa Mai Buroshi ya ci gaba da kankarewa. Shekara hamsin da suka wuce, ginin yana sabo, kantin atamfa ne, mahaifinsa, wanda shi ma sana'arsa ke nan, ya miƙa masa buroshi karon farko. Harafin farko ya karkace. Uban ya wanke shi tas a bainar jama'a, zuciya ta ɗebe shi, ya bar garin. Da ya dawo bayan shekara tara, tsohon ya rasu, an sake fentin bango. Tun daga nan tambaya ɗaya take cin ransa: uban ya tafi da fushinsa ne, ko ya huce?

Da la'asar shuɗin fentin kantin atamfar ya leƙo. Ya bi shi a hankali.

Harafin yana nan, karkatacce yadda ya bar shi. Na biyu ma a karkace yake. Na uku haka. Duka goma sha ɗayan sun kwanta gefe guda kamar dawar da iska ta bi ta kanta, kuma goman hannun mahaifinsa ne, mutumin da ko layi ba ya ja sai ya buga zare. Bai shafe kuskuren ɗansa ba, bin sa ya yi har ƙarshen allo.

Injiniya ta ɗaga wa mai tayil hannu ya dakata.

"Baba, ban taɓa ganin salon rubutu irin wannan ba. Na wane ne?"

Mai Buroshi ya share ido da gefen hula.

"Ni na fara," ya ce, "Babana ya ƙarasa."