Irin Barkonon Tía Sinforosa

"Ɗago ta a hankali mana, ba buhun masara ba ce!" in ji Eloisa.

Fidel ya saki kafaɗar uwarsa, ya koma bakin ƙofa yana latsa waya. Eloisa ta banka masa harara, ta gyara wa tsohuwar matashi da kanta. Shekara da shekaru katanga ce kawai tsakanin gidanta da na tsohuwar a ƙauyen Chimayó. Ita ta san yadda tsohuwar, wadda take kira Tía Sinforosa, wato goggo, ke son kwanciya, ba wannan da ya faɗo daga birni jiya yana toshe hanci ba.

Tsohuwar ta kamo hannunta. "Na ɗakin baya," ta ce, murya can ƙasa. "Kar a taɓa."

"Na sani, Tía. Ba mai taɓawa."

Gaban gidan cike yake da igiyoyin barkono, jajur, suna shan rana. Waɗannan na ci ne. Guda ɗaya ce ke rataye a ɗakin baya: nunan fari, ƙanana masu lanƙwasa, waɗanda tsohuwar ke zaɓa da hannunta duk kaka. Shi ne iri. Wurin kakarta ta gaje shi, ba ta taɓa yarda an shuka wani barkono kusa da gonarta ba don kar ya gurɓata shi. Bara fari ya cinye wanda ta sam wa Eloisa. Duk duniya igiyar nan ce ta rage.

Da hantsi tsohuwar ta cika. Eloisa ta rufe mata ido, ta sha kukanta. Ta so ɗauke igiyar nan take, amma ina! Wa zai fita da kaya daga gida alhali gawa na kwance? Ta ce bari a binne tukuna.

Da aka dawo daga maƙabarta, gida ya cika maƙil. Darlene, matar Fidel, tana zuba dafaffiyar masara da naman alade, jar miya na malala a kai. Mutane sai santi suke, ana sheƙa dariya kamar gidan biki. Cokali ɗaya Eloisa ta kai baki, gabanta ya faɗi. Zaƙin ya yi yawa, irin na nunan fari ne. Ta ture kwanon ta nufi ɗakin baya. Ƙusa ce kawai a bango.

"Ina igiyar da ke nan?"

"Au, wannan?" Darlene ta goge hannu. "Na waje duk ƙura da kashin ƙuda, wallahi ƙyama suka ba ni. Na cikin ya fi tsabta, shi na markaɗa."

"'Ya'yan fa? Ina 'ya'yan?"

"Suna shara. Sai da na gasa a tanderu, sannan na kakkaɓe."

"Kin gasa kafin ki cire?"

"To da yaya ake yi?"

Fidel ya leƙo, leɓensa jajur, yana sakace da farce. "Haba, maƙwabciya, a kan barkono? Ai kin ga Mamá ta ciyar da jama'arta. Baɗi ki shuka mana irinsa, ki aiko mana birni."

Tir! Eloisa ta fita ta bayan gidan da baƙar rigarta ta coci, ta kifar da kwandon shara. Ƙasusuwa, farantan takarda, ƙunzugun jariri, maiƙo ya daskare, ƙudaje buu. Ta durƙusa ta sa hannu tana tonawa, har ta tarar da su manne da ɓawon albasa. Duk sun soyu, sun yi ruwan ƙasa. Ta murza ɗaya, ya dagargaje.

Duk da haka ta tsince su a gefen rigarta. A gida ta wanke, ta shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma bakin taga, kullum tana yayyafa ruwa.

Lokacin shuka ya zo, aka sako ruwan rafi, ya bi gefen gonar tsohuwar ya wuce. A bakin tagar Eloisa tsumman ya yi fumfuna, 'ya'yan ko ɗaya bai tsiro ba.